Duwatsun Tankin Baba

Yaya,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba. Uku daga kifayen da Baba ya bari sun mutu da safen nan, na kwashe su kafin Mama ta fito. Saura Ɗan Gayu kaɗai, shi ma yana ta haki a saman ruwa. Murjanin nan mai rai da ke cikin tankin kuma ya fara koɗewa.

Na gano dalili. Jiya Mama ta ciro duwatsun da ke cikin matatar tankin, ta ga sun yi dauɗa, ta wanke su tas da sabulu da ruwan zafi. Ka tuna Baba yakan ce dauɗar nan ita ce ran tankin, ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikinta ne ke cinye ƙazantar kifi? Ni ma sai yau na tuna.

Don Allah da ka tashi ka je wurin mutumin da Baba yake sayen kifi a hannunsa. Ka ce ya ba ka tsofaffin duwatsu masu huda-huda daga tankin da ke aiki. Kar ka karɓi sababbi farare, ko ya rantse sun fi kyau. Sai sun yi makonni kafin ƙwayoyin su kama jikinsu, Ɗan Gayu ba zai kai ba. Ka taho da su cikin ruwan gishiri irin na tankin, kar su bushe.

In Mama ta tambaya, ka ce tsufa ne ya kashe kifayen. Na san halinka, kar ka yi mata faɗa. Tun rasuwar Baba ban ji tana waƙa ba sai jiya, tana wanke masa duwatsun nan.

Auta