Mota Ɗaya, Alkawari Biyu

Gwaggo Tabawa, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana ashirin suka rage mini, wanda ya jefa mu cikin wannan abu kuwa ko a jikinsa.

Shekararmu shida a Montreal, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Ba kukan sanyi na kawo miki ba, na saba da shi. Ba kuma kukan Faransanci ba ne, ko da yake shi ma in na fara ba zan gama ba. Shekara biyu na yi ina zuwa ajin yamma, amma har yau in na shiga kanti na shirya gaisuwata tsaf, kafin in kai rabin magana mai kantin ya juya zuwa Ingilishi yana yi mini murmushin tausayi. A gida ma yaran nan gyara mini baki suke yi. Mutum ɗaya ce a garin nan take barina in yi ta tuntuɓe har in kai ƙarshen zancena, ita ce Madam Ginette, tsohuwar da ke hawan da ke samanmu. Saboda ita nake rubuto miki.

Shekararta saba'in da huɗu, mijinta ya rasu, kuma shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakunan nan. Ranar da naƙudar ƙaramar 'yata ta kama ni, maigidana ya kai kaya Ottawa, dusar ƙanƙara ta binne motocin titinmu. Matar nan ta sauko da shebur, ta haƙo motarta da hannunta, ta kai ni asibiti, ta zauna a bakin ƙofa har aka ce mata an sauka lafiya. Yarana Kaka suke ce mata. Ni kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai 'yata.

Yanzu gwiwoyinta sun gaza. Matakalar gidanmu irin ta ƙarfen nan ce ta waje mai lanƙwasa, hawanta ya zame mata azaba, shi ya sa ta samu ɗaki a ƙasa kusa da ƙanwarta a unguwar LaSalle. Tashin kuma ranar ɗaya ga Yuli ne, kamar na kowa, tunda hayar kusan duk garin a ƙarshen Yuni take ƙarewa, washegari rabin Montreal na kan titi da katifa a ka. Kowa da firijinsa da murhunsa yake tafiya. Sabbin masu haya da azahar suke isowa da nasu kayan, ba kuma jiranka za su yi ba. Motar kwasar kaya kuwa, wanda bai kama tasa tun watan Maris ba sai dai ya nemi keke.

Ita ta kama tata tun da wuri, domin mace ce mai tsari. Sai maigidana, da yake yana da motar kaya da yake sana'a da ita, ya ji labari a bakin matakala. Ba wanda ya roƙe shi, Gwaggo. Shi ya buɗe baki ya ce, "Haba Madam, me za ki yi da 'yan kwasar kaya ina raye? Ki soke. Ni da abokaina biyu za mu sauke miki komai, ƙarfe takwas muna ƙofarki." Ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, ya dafa ƙirji. A gabana ta buga waya ta soke motar. Ta kuma kira ɗanta tilo, Réjean, wanda ke Rimouski, tafiyar kusan awa shida, ta ce masa, "Yi zamanka, yaro, kada ka ɓata hutunka a hanya. Ina da mutanena a ƙasa." Ranar sai da na ji ƙwalla.

To, a watan Mayu, bayan sallar Juma'a, Alhaji Illiyasu ya riƙe hannun maigidana. Ba zan rage wa Alhaji komai ba. Shi ya tarbe shi a filin jirgi kafin mu biyo shi, wata huɗu ya ajiye shi a ɗakinsa na ƙasa, shi ya nuna masa yadda ake neman aiki a nan. Ya ce masa, "Sagiru, mun samu gida a Laval. Ranar ɗaya ga wata kai da motarka nawa ne." Nawa mijin ya ce, "An gama, Alhaji."

Kuma bai gaya mini ba. A bakin matar Alhaji, Hajiya Tasalla, na ji, tana turo mini hotunan ɗakunan da suke fentawa a sabon gidan, tana cewa in yi wa Baban Walida godiya. Da ya dawo na tare shi. Na ce, Baban Walida, mota nawa gare ka? Ya ce ɗaya. Na ce, to kai nawa ne? Ya yi dariya ya ce, "Ke dai kin cika tada hankali, za a san yadda za a yi."

Wannan "za a san yadda za a yi" ita ta kai ni bango. Wai da asuba zai je ya kwashe wa Alhaji, ƙarfe goma ya dawo wa Madam. Gidan Alhaji mutum bakwai ne, da firiji biyu, da kujerun da sai ƙarti huɗu. Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ba ta ɗaure kaya sai mota ta tsaya a ƙofa. Ga gaishe-gaishe, ga shayi, ga "ku ci abinci tukuna", ga cunkoson gadar da ake hayewa zuwa Laval ranar da duk garin ke kan hanya. Bara ma haka suka taimaka wa wani, aikin da aka ce na awa uku sai da magariba suka dawo. Na lissafa masa duk wannan, ya ce ni ba ni da tawakkali.

Na ce to ya je ya ba Alhaji haƙuri. Ya ce, "Mutumin da na kwana a gidansa? Da wane ido zan shiga masallaci?" Na ce to mu hau mu gaya wa Madam gaskiya tun da sauran lokaci, ta kira ɗanta. Nan ya ɗaure fuska ya ce in na hau matakalar nan da wannan magana na tozarta shi a gaban bare. Bare, Gwaggo. Matar da ta riga shi ganin 'yarsa.

Mutanen nan in ka ce musu takwas, takwas suke rubutawa a kalanda, ba sa ajiye wata dabara a gefe. Ita ba ta san cewa a wurinmu mutum kan ce to don kawai kada ya ga ɓacin rai a fuskar mai tambaya ba. Ni da na san haka, ga ni nan na rasa ta cewa. Jiya na same ta a baranda tana naɗe farantai da jarida. Ta ce ta riga ta yi magana da mai fiza, gurasar nan ta Turawa mai cuku, za a kawo wa ma'aikatanta marar naman alade, da lemo maimakon giya. Sannan ta ce, "Ƙarfe takwas ko, 'yata?" Na ce, ƙarfe takwas, Madam. Karo na uku ke nan ina ba ta wannan amsa.

Raina a ɓace yake, har na fara tunanin ɓoye makullin motar a buhun shinkafa. In na yi shiru, tsohuwar nan za ta tsaya a hawa na uku da firiji da murhu, baƙi suna jira a ƙasa. In na yi magana, na saɓa wa mijina. Mutumin kirki ne, wallahi, kirkin ne ma ya yi masa yawa har ya zama matsala. Yaya zan yi?

Maman Walida, Verdun, Montreal

*

Maman Walida, ki bar makullin nan inda yake, shinkafa ba ta yi miki laifi ba.

Bari in fara da mijinki, domin yana da hujja. Ba maƙaryaci ba ne. Kunya ce ta ɗaure masa baki a gaban wanda ya rufa masa asiri lokacin da ba shi da kowa, kuma duk wanda ya taɓa zaman baƙunta ya san nauyin wannan. Tsoron da yake yi na a ce ya samu wuri ya manta alheri, tsoro ne na gaske. In za ki yi masa magana, ki fara da wannan, ki nuna masa kin gane. Lissafin kujeru da gadoji da kike ta yi masa ba zai shiga kunnensa ba, shi abin da ke damunsa fuskar Alhaji ce.

Amma alkawuran nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Na Madam shi ne na farko, kuma ba ita ta nema ba. A kan maganarsa ta saki motar da ke hannunta, ta kuma hana ɗanta zuwa. Alhaji yana da gida cike da mutane, yana da jama'ar masallaci, in ya ɗaga waya mutum goma za su amsa. Ita waya ɗaya take da ita, ta riga ta buga ta ce kada a zo. Wanda ya sa mutum ya ajiye abin dogaronsa, shi ya zama abin dogaron, ko ya so ko bai so ba.

Akwai kuma abin da ya wuce ki a cikin wasiƙarki. Kin ce Hajiya tana turo miki hotunan ɗakunan da suke fentawa. Ashe makullin sabon gidan yana hannunsu tun yanzu. Ke nan ba dole kayan Alhaji su jira ɗaya ga Yuli ba, wataƙila ya zaɓi ranar ne don ranar hutu ce a ƙasar. Ga abin da mijinki zai kai masa: ya ba shi Asabar da Lahadin da ke gabanin ranar, shi da motarsa, daga safe har yamma, ranar ɗaya ga wata kuma ya zo bayan ya sauke Madam ya kwashe abin da ya rage. Kwana biyu da rabi ke nan a maimakon safiya ɗaya. Ba a waya za a yi wannan ba, ba kuma a tsaye a ƙofar masallaci ba. Ku je gidan tare, ke ki shiga wurin Hajiya, shi ya zauna da Alhaji ya ce masa, na riga na yi wa maƙwabciyata tsohuwa alkawari, kunyarka ta hana ni faɗa. Ba zan yi miki alkawarin Alhaji ba zai ji haushi ba. Zai iya yin fushi na ɗan lokaci. Sai dai mutumin da ya ajiye baƙo wata huɗu a gidansa ya san haƙƙin maƙwabci, ina kyautata masa zato.

Yanzu ke. Kina ta jin haushin mutumin da ya kasa cewa a'a, ke ma sau uku tsohuwar ta tambaye ki ido da ido kika ba ta amsar da kika san babu tabbas a cikinta. Ban faɗa don in ƙara miki damuwa ba, na faɗa ne don ki daina ganin maganar ta mijinki ce shi kaɗai. Bakinki ma ya shiga, don haka kina da haƙƙin gyara abin da kika faɗa.

Kada ki hau wurinta a ɓoye. Ki zaunar da shi yau, cikin ladabi, ki ce masa kin ba maganar zuwa Juma'a. In ya je wurin Alhaji kafin nan, shi ke nan, Madam ba ta ma buƙatar jin komai. In ya ci gaba da jan ƙafa, ki sanar da shi tun yanzu cewa ranar Asabar za ki hau ki gaya mata, kuma kin fi so ku hau tare. Wannan ba tozarci ba ne. Tozarcin yana ranar ɗaya ga wata, in unguwa duka ta ga tsohuwa a tsaye da kayanta, kowa kuma ya san wa ya ce mata ta soke mota. Mako biyu sun ishi ɗanta ya shirya ya taho, kwana biyu ba za su ishe shi ba.

Ranar nan da ƙarfe takwas za ta buɗe ƙofarta ta leƙo titi. Ki tabbata ta ga motar mijinki, ko ta ga ta ɗanta. Kada ta leƙo ta ga babu kowa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba Baban Walida ƙarfin halin minti biyar ɗin da yake buƙata, ya sauki Madam a sabon ɗakinta lafiya.

Gwaggo Tabawa