Mahaifina Bai Yarda Bature Ya Rubuta Shi Ba

Zuwa ga mai girma Mudir, shugaban ofishin da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni ce Hauwa 'yar Malam Idi, daga Doka. Ban yi karatu ba. Mai rubuta wa mutane takarda a bakin kasuwar Gadarif ne ke rubuta wannan, na ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kada ya gyara mini magana.

Na farko. Jinsiyya nake nema, wato takardar zama 'yar ƙasa, don in sami fasfo in tafi Makka. Shi ke nan buƙatata. Tun ina yarinya mutanen garin nan ke ce mini Hajiya, yadda suke ce wa kowace mace tamu, ni kuwa ko teku ban taɓa gani ba. Tun bayan yankan riɗin bara nake hawa lori ina zuwa ofishinku. Ranar ƙarshe, kafin azumi, jami'inku ya ce shaidar umda, wato dagacinmu, ba ta isa ga irinmu ba, sai na kawo takarda ta zamanin Turawan Ingiliz mai nuna cewa mahaifina mazaunin nan ne. Bai yi mini tsawa ba. Har kujera ya sa aka ba ni.

Na biyu. Takardar nan babu ita, ba kuma ɓata ta yi ba. Mahaifina ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa saboda Nasara sun ci ƙasar, ya nufi gabas da niyyar hajji. Da ya iso nan sai ya tarar da su sun riga shi. Guzuri ya ƙare, ya tsaya aikin gona. An haife ni a wajen Ƙala'at an-Nahal. Da Ingiliz suka kawo injinan noma, shi da 'yan'uwansa ne suka riƙa yanka musu dawa, ni ina kai abinci a ka.

Wata shekara wani Bature ya zo da magatakarda, suna rubuta magidanta. Maƙwabtanmu suka ba da sunayensu. Baba ya kwashe mu muka shige cikin dawa har suka tafi. A wurinsa wanda aka rubuta ya zama mazauni, mazauni kuma ya warware niyya. Mu matafiya ne, in ji shi, hutawa kawai muke yi. Don haka bai taɓa dasa itace ba, bai gina ɗakin ƙasa ba, kullum bukkar kara. Duk kaka sai ya ce baɗi za mu tashi. Yana Doka a kwance cikin kabari, shi da innata.

Na uku. Ranka ya daɗe, ina jin rediyo. Kullum ana cewa Ingiliz sun tafi, mun zama masu kanmu, hukuma ta Musulunci ce, ana tsine wa abin da suka bari. To, na kasa gane wannan. Mutumin da ya ƙi Bature don addini, yau 'yarsa ba 'yar ƙasa ba ce sai Bature ya shaide ta. Wanda ya miƙa sunansa ga Baturen kuwa, jikokinsa sun daɗe da karɓar jinsiyya. Ba faɗa nake yi ba. Tambaya ce, ko akwai abin da ban fahimta ba.

Na huɗu. Lokacin da aka ɗauki ɗana Usmanu yaƙin kudu, daga tashar mota aka ɗauke shi, ba wanda ya tambaye shi takardar kakansa. Bai dawo ba. Wasu mutane suka zo da sukari da shayi, suka ce in yi guɗa, ɗana ya yi shahada don ƙasarsa. Na yi musu shayin, suka sha. Ban kawo wannan don a tausaya mini ba. Su ne suka ce ƙasarsa.

Jami'inku ya ba ni shawara in je Khartum wurin mutanen Najeriya. Ban san kowa a Najeriya ba. Ko sunan unguwar Baba na manta.

Abin da nake roƙo: a karɓi shaidar tsofaffin Doka, tun da sauransu a raye. In ba zai yiwu ba, a gaya mini a fili cewa ba zai yiwu ba, in daina hawa lori. Gwiwoyina bana suna iya ɗawafi a hankali. Baɗi ban sani ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da aikinka lafiya. In Allah ya kira ka Makka, ka ambaci Malam Idi a Arfa, ka ce yana nan tafe.

Wassalam.

Hauwa 'yar Malam Idi, Doka.