Ruwan da Ban Zuba wa Akwala Ba

Litinin, 1 ga Yuli

Mun baro Gabrovo da hantsi. Wai hutu. Shekara arba'in da aure, abin da mijina Zdravko ya ga ya dace da ni shi ne tsohuwar motar nan mai gado da murhu a ciki, wadda ta girmi 'yarmu Nevena. Shi Gimbiya yake kiranta. Ni Akwala nake ce mata, kuma a gabanta.

Kafin mu tashi ya miƙo mini kwanon tagullar uwarsa, wai in zuba ruwa a gaban taya don tafiya ta gudana lafiya. Na ce, "Ni ba gyatumarka ba ce. Motar da ke yoyo ta ko'ina, wane ruwa kuma take nema?" Ya mayar da kwanon cikin kabad.

Talata, 2 ga Yuli

Ƙofar firji ta buɗe a kwana. Kindirmo har cikin takalmina.

Laraba, 3 ga Yuli

Akwala ta yi zafi a hawan dutsen Kotel, tururi ta ko'ina. Awa biyu a bakin titi. Wani mai sayar da zuma ya leƙa injin ya ce, "Baba, wannan ai gidan tarihi ya kamata ka kai ta." Zdravko ya ce, "Ba laifinta ba ne, ba a zuba mata ruwa ba da za mu fito." Da ni yake. Sai ga su zaune a inuwa kamar tare suka tashi, ni kuma ina dafa musu kofi. Abin haushi, murhun lafiyarsa ƙalau, kuma kofin ya yi daɗi.

Juma'a, 5 ga Yuli

Zdravko ba ya wuce gudun kilomita hamsin. Motoci sun yi layi a bayanmu suna ta danna hon, shi ko a jikinsa. Duk allon da muka tarar sai ya ce, "Tsveta, karanta mini, rana ta kashe mini ido." Wace rana? Hadari ne tun safe. Yau saura ƙiris ya kwashi amalanken doki. Na wanke shi tas.

Asabar, 6 ga Yuli

Teku. Ya ajiye mu a tsakiyar Jamusawa da fararen motocinsu masu ƙyalli, suna ta ɗaukar Akwala hoto. Shi a tunaninsa yabo ne. Rufi yana ɗiga, kuma a gefena na gado, ba nasa ba. Tankin bayan gida kuwa ba zan ɓata takardata da shi ba.

Amma da safe kana buɗe ƙofa ga ruwa nan, taku ashirin. Ban nuna masa na lura ba.

Litinin, 8 ga Yuli

Ina neman abin buɗe gwangwani a aljihun gaban mota na ci karo da takardar likitan ido. Tun watan Afrilu. Idon ba mai gyaruwa ba ne, kuma daga ƙarshen Satumba ba shi ba tuƙi.

Na same shi yana goge fitilar Akwala. Na ce, "Wannan fa?"

"Da na faɗa miki, da kin yarda mun fito?"

"Da ban yarda ba."

"To kin gani."

Na ce masa sakarai ne, ya kusa halaka mu a banza. Ya ce so yake ya kawo ni teku da hannunsa ko sau ɗaya. Wawan tsoho. Tsoro ya kama ni, na tafi na sake wanke kwanonin da na riga na wanke.

Laraba, 10 ga Yuli

Na ƙwace makulli. Rabona da tuƙi tun ina rarraba burodi da motar kamfani. Sitiyari nauyi, giya ta uku sai an lallashe ta. Yana gefe yana cewa, "A hankali, tsohuwa, ba ta son a matsa mata." Ban san wacce tsohuwar yake nufi ba.

Nevena ta kira, wai ta samo ɗan gwangwan da zai kwashe Akwala. Na ce zan yi tunani. Me ya sa na faɗi haka, oho.

Juma'a, 12 ga Yuli

Mun kamo hanyar gida. Kafin mu tashi, yana can yana naɗe rumfar motar na ɗauko kwanon tagulla na sheƙa ruwa a gaban taya. Ruwan wanke-wanke ne, ai dole a zubar da shi wani wuri. Na ɗauka ba zai gani ba, ashe ƙarar ya ji. Ya shigo ya zauna a gefena ya ce, "Gimbiya ta gode." Na ce ya rufe mini baki ya ɗaura bel.

Duk da ruwan, ta sake yin zafi a Kotel, daidai rumfar mai zuma. Camfi dai camfi ne. Muna jiran ta huce na tambayi mutumin ko hanyar duwatsun Rodopi tana da kyau a watan Oktoba.

Tambaya kawai na yi.