Gurnanin da ke Cikin Faifai

Da sunan Allah. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hankalina garau. Hannun ne kawai ke rawa, kada ku ga rubutu ya karkace ku ce tsoho ya rikice.

Ba wanda ya ɗaga ni. Aji uku na yi a sakandare. Da dako a tasha na sayi bas, ƙaton gogen nan na tsaye da ya fi ni tsawo. Da kunne na koya, yatsuna suna jini. Shekara arba'in da ɗaya ina kiɗan jaz, faifai tara. Ɗakunan nan da karatunku, duk daga tsirkiya huɗu suka fito.

Na ɗaya. Makon jiya Auta ta kawo mini faifanmu na farko da kamfani ya sake bugawa. Ga sunan mai busa, ga na mai piyano, ga na mai ganga. Wajen bas aka rubuta wai ba a san ko wane ne ba. Ni!  Sun ce za su gyara a bugu na gaba in an kawo shaida. Likita bai ɓoye mini ba, ba zan kai ba.

Na biyu. Kun tuna gurnanin da nake yi in kiɗa ya ɗauke ni, wanda kuke kwaikwaya mahaifiyarku tana dariya har da hawaye? Yana nan a kiɗa na uku na faifan, inda kowa ya yi shiru aka bar ni. Mutum ɗaya ya rage a raye da zai rantse nawa ne: mai ganga.

Na uku. Shekara ashirin ba ma ga maciji da shi. Kiɗa ya watse mana a kan dandali, na ce a gaban jama'a shi ya yi gaggawa, aka sallame shi. Babba, ka je da ƙafarka, ka durƙusa, ka ce masa Baba. Ka faɗa masa ni na yi gaggawar, kuma tun a ranar na sani. In ya zage ni, ka tsaya ya gama, sannan ka roƙe shi ya rubuta takardar shaida. Gobe za ka je, ba jibi ba, don ya girme ni. Ban taɓa roƙon mutum ba. Yau ga ni ina roƙo.

Na huɗu. Bas na Auta ne, ita kaɗai ce ba ta taɓa rataya masa riga ba. Auta, kada ki sassauta tsirkiyoyin duka lokaci guda. Akwai ɗan itace tsaye a cikinsa, in ya faɗi murya ta tafi. Gida na ku biyun ne, kada gini ya raba tsakar gidan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku yafe mini tsawar da na sha yi muku. Amma ku kai wa kamfanin takardar shaidar tare, kada ku bar ofishin sai kun ga an rubuta sunana cikakke, har da na ubana.