Na Goge Kwamfutar Baban Kanari

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Kina shafa maganin kuwa, ko ya faɗa bayan gado kamar na bara? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Yau wata biyar da rasuwar Baban Kanari, Allah Ya ji ƙansa.

Kin tambaye ni a waya yadda 'yar taki Kanari take, na ce da sauƙi. Ba gaskiya na faɗa miki ba, tana kusa da ni ne a lokacin. Yaya, yarinyar nan ta daina magana. Shekara goma sha shida ina roƙonta ta yi mini shiru, yanzu Allah nake roƙo ta buɗe baki. "To" da "a'a", iyakar abin da nake samu ke nan, ni da na haife ta. Tana dawowa daga makaranta sai ta wuce ɗaki, ta zauna gaban kwamfutar wasan da suka haɗa ita da babanta. Kin san halinsa, gyaran firji ne sana'arsa amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Shekara biyu ya yi yana tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya, har ta tashi. A kanta suke tseren motoci. Tun da ya tafi ita kaɗai take yi, shiru, amma ko ba komai ina jin ƙarar motar daga kicin, hankalina ya ɗan kwanta.

To, na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Ranar Asabar ta tafi darasi, na shiga share ɗakin, sai na hango ƙura ta gilashin gefen kwamfutar. Shekara goma sha takwas ina goge-goge a asibiti, idona ba ya ganin datti ya wuce. Na ɗauko sukurudireba a jakar aikinsa na buɗe, na kaɗe ƙurar da burushi a hankali. A tsakiya akwai fanka zaune kan wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, ƙura ta cushe tsakaninsu. Na kwance shi. A ƙarƙashinsa na tarar da wani abu ruwan toka, ya bushe ya kama, kamar tsohon man goge baki. Na ce subhanallahi, wannan ƙazanta tun yaushe? Na sa tsumma na murje shi tas, sama da ƙasa, har ƙarfen yana sheƙi. Na mayar da komai wurinsa ina ta yabon kaina.

Da ta dawo ta kunna, ba a yi minti goma ba fankar ta hau kuka, sai ɗif. Ta sake kunnawa, ɗif. Sau huɗu. Ba ta yi kuka ba, Yaya, da ma ta yi. Mayafi ta ɗauko ta rufe kwamfutar, ta ce, "Ita ma ta gaji." Ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya ina kallo.

Yau kwana shida gidan kamar ba kowa. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya yara? Wasiƙarki ta iso, faɗan ma ya iso, na karɓa hannu biyu. Gaskiyarki ne, tun muna yara haka nake, ni ce na wanke miki littafin makaranta. Ba sai kin tuna mini ba.

Na bi shawararki. Kanari na fita makaranta na naɗe kwamfutar a bargo, na shiga mota na rungume ta a cinya kamar mara lafiya. Akwai wani shago a layin masu kayan lantarki inda marigayin yake yawan zuwa. Mai shagon dattijo ne, kowa Injiniya yake ce masa. Yana buɗe bargon ya gane ta, ya ce wannan ai ɗaurin wayar mai firji ne, ba wanda ke jera waya haka sai shi. Ashe bai ji rasuwar ba. Ya cire tabarau ya yi masa addu'a.

Na faɗa masa abin da na yi, ban rage ba. Ya ɗaga ƙarfen nan ya duba, sai ya ce, "Baiwar Allah, shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin furosesa mai tsafta irin wannan ba." Ni ina hawaye, shi yana danne dariya. Ashe abin da na goge ba datti ba ne. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, zafi take yi sosai, man nan shi ke ɗauke zafin ya miƙa wa ƙarfe, fanka ta hura shi waje. In babu man, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya ce ba abin da ya lalace. Na nemi benci na zauna ina hamdala.

A cikin ɗaya murfin, wanda ban buɗe ba, ya sami takarda manne da salatif. Rubutun Baban Kanari ne, mai karkata nan. Ya jera abin da yake so ya sauya mata: na ɗaya ram, na biyu akwatin wuta, na uku katin hoto. A ƙasa ya ja layi ya rubuta, kada a tsallake. Injiniya ya ce ram shi ke riƙe wa kwamfuta aikin da take kai, akwatin wuta shi ke raba wa kayan cikinta lantarki, katin hoto kuma shi ke zana abin da ake gani a allo.

Ni kuwa nan take na so in tsallake. Na hango wani katin hoto a cikin gilashi, ƙato, fanka uku, na ce shi nake so, in wanke laifina gaba ɗaya. Injiniya ya ɗauko awo ya gwada, katin ya fi cikin kwamfutar tsawo da yatsa huɗu. Ya ce ko da ya shiga, akwatin wutar da ke ciki ba zai iya ciyar da shi ba, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Ya ce shi ya sa mijina ya sa wuta kafin kati. Ya tambaye ni wane wasa take yi, wane irin allo take kallo, a ina wasan yake tsaitsaya mata. Ko ɗaya ban sani ba. Gida ɗaya muke, ban sani ba. Ya ce mai sa takalmi shi ake gwada wa.

Sannan ya ce in ina so, cikin minti biyar zai sa sabon man, in kai ta gida in rufe da mayafin, yarinya ta ɗauka ta warke ne da kanta. Wallahi har na ce to. Sai na tuna abin da zan koma na tarar: ita a kujera, bayanta gare ni, shiru, ni kuma da ƙarya a ciki. Na ce ya bari. Gara ta ji haushina da baki, in dai zan ji muryarta.

Ya ba ni man a ɗan bututu kamar sirinji. Na dawo da kwamfutar yadda na kai ta. Gobe in Allah Ya kai mu zan faɗa mata.

Ki gaida maigidan da kyau.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan ƙafar ta saki, kowa kuma yana lafiya. Ki yafe mini jinkiri, mako uku ban sami zama ba.

Na faɗa mata da safe, muna karyawa. Ta ajiye kofi ta dube ni. Sai ta ce, "Mama, wa ya aike ki?" Daga nan kuma kamar an fasa tulu. Ta ce komai na babanta sai na wanke, rigunansa na wanke har ƙanshinsa ya fita, kofinsa na wanke, takalmansa na goge na ɗaga sama. Ta ce man nan shi ya sa da hannunsa, ita tana haska masa tocila, shi kaɗai ya rage ban taɓa ba. Wannan ta shige ni, Yaya. Ban san haka take gani ba. Ni in na zauna hannuna ba aiki, kuka nake yi, shi ya sa nake ta goge-goge. Na faɗa mata hakan. Ba mu taɓa yin maganarsa ni da ita ba sai ranar. Ta makara makaranta, ni ma na makara aiki, shayin ya huce a kofi.

Na nuna mata takardar babanta, ba ta taɓa ganinta ba, ina jin lokacin jinyarsa ya manna ta. Ta karanta ta fi sau biyar. Ranar Asabar da za mu je wurin Injiniya, ita ta riga ni shiryawa.

Da kin ga 'yarki a shagon nan! Injiniya ya miƙo ram guda ɗaya babba, ta ce a'a, biyu matsakaita take so iri ɗaya, sun fi sauri in suna aiki tare, kuma ya duba tsagar ƙasansu ta dace da ramin. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan kika ce ba ta magana?" A kan akwatin wuta kuma shi ya kayar da ita. Ta zaɓi mai fitilu masu launi, ya ce fitila ba ta ciyar da kowa, ya ba ta wani baƙi mai nauyi, ya ce a nan ne ba a rowa, don in ya lalace da sauran yake tafiya. Ta turo baki amma ta karɓa. Da na nuna mata ƙaton katin nan nawa, dariya ta yi mini, ta ce allonta ma ba zai iya nuna rabin abin da yake yi ba. Ta ɗauki wani mai fanka biyu wanda aka taɓa amfani da shi, ta sa aka kunna wasa a kansa rabin awa, tana tsaye tana kallon lambar zafinsa kamar nas a kan mara lafiya. Ma'ajiyar da hotunansu da wasanninsu suke ciki kuwa ta ce ba mai taɓa ta.

A teburin kicin muka haɗa, ranar Lahadi da hantsi. Ta sa na taɓa ƙarfen famfo tukuna, wai akwai wuta a jikin mutum da ke kashe kayan. Ni ce mai riƙe tocila da kirga sukurori. Ram ɗin ya ƙi zama, na ce ta bi shi a hankali, ta ce babanta ya ce sai an danna an ji ƙas. Ta danna, muka ji ƙas, muka sauke numfashi tare. Ta ɗiga man kamar ƙwayar wake, ta ɗaure fanka, ta kunna. Minti goma, ashirin, awa guda, ba ta mutu ba.

Sai ta miƙo mini abin tuƙin na biyu. Na ce ni da ko keke ban iya ba? Ta ce in zauna kawai. Yaya, na daki bango, na daki bishiya, na juya ina tafiya baya ban sani ba. Tana ta ihu, "Mama birki! Birki na ce, ba mai ba!" Ni ma ina ihu. Har maƙwabcinmu na sama ya sauko ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai jaririnsu na barci, a rage hayaniya don Allah. Na ba shi haƙuri sosai. Na rufe ƙofa na jingina da ita, na daɗe ina gode wa Allah.

Ba zan ce miki komai ya wuce ba. Jiya ma ta tashi shiru, ni ma haka. Amma da yamma ta leƙo kicin ta ce ko na gama, wai yau shan kwana za ta koya mini.

Tana gaishe ki. Ta ce in kin zo hutu ki taho da tabaraunki, tana so ta ga ko akwai wanda ya fi ni rashin iya tuƙi a danginmu.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Maman Kanari