Yanki Huɗu a Gonar Baffa Maiwada

Zariya, 3 ga Maris, 2025

Zuwa ga Baffana Alhaji Maiwada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da su Gwaggo Amina da duk mutanen gida. Na ba Mati direba wannan takarda ne don na san halinka da waya, kana cewa "to, to" ka kashe.

Baffa, gonarka ta tayar da ƙura a nan. Ka tuna shekara uku da suka wuce na raba gefen hanya gida goma sha biyu da turaku? Takwas muna sa musu takin zamani, huɗu masu jan fenti na ce kada a sa musu komai. Abin da ke littafi shi ne huɗun nan su yi ta ramewa kowace shekara. Shekarar farko haka aka yi. Amma damina biyu a jere masararsu ta doke ta takwas ɗin!

Kuma ba masara kaɗai ba. Masana ƙasa sun auna, sun ce lissafinsu bai ba da haka ba. Masu nazarin ciyawa sun ga wuta-wuta ta ja baya ba magani. Masu harkar ruwa sun ce ƙasar tana riƙe laima fiye da yadda aka rubuta. A ɗakin gwaji kuma an ga wasu ƙwayoyin halitta da ba a saba gani da yawa haka a ƙasar noma ba. Farfesan da ke duba aikina ya ce sakamakon farko ne, a bi a hankali, amma shi kansa har rawar ƙafa yake yi. Ranar ashirin da biyar ga wata zan gabatar da shi a babban taron masana a Abuja, kuma a kansa digirina na dakta ya tsaya. Waɗanda suke kirana 'yar ƙauye yanzu su ke riga ni gaisuwa.

Ka sa mini albarka. 'Yarka,
Bushra

Bakori, 6 ga Maris

Zuwa ga Bushra,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kowa lafiya. Allah ya yi albarka. Ina tambaya, wannan taro dole ne a yi shi bana? Ba a iya ɗaga shi? Ki gaida malaminki.

Baffanki,
Maiwada

Bakori, 9 ga Maris

Bushra 'yar gidana,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, na makarantar manya ne.

Tun ranar da takardarki ta zo Baffanki ya zama abin tausayi. Tuwo loma biyu yake yi ya ture. Na ce, "Yaya, ciwo ne?" Ya ce a'a. Na ce, "To ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa." Ya ce in rufa masa asiri. Ni kuwa kin san bakina ba shi da murfi.

Kin san Buba, mai shanun da ke sauka gonarmu kowane rani tun kafin a haife ki. Shanunsa su ci kara, su bar mana taki, haka iyayenmu suka yi da iyayensa. To daminar farko da yankunanki huɗu suka yi ɗorawa-ɗorawa a bakin hanya, ba abin da Yaya bai ji ba. Ranar kasuwa masu babur har tsayawa suke yi. Maitama mai shayi ya ce tsufa ya kama Maiwada, ya manta yadda ake ciyar da gona. Da rani ya yi Buba ya zo, Yaya da ƙafarsa ya kai shi kan jan fentin nan ya ce, "Kafa mashekarinka nan, nan ƙasa ta fi jin yunwa." Suka cire turakun, bayan wata biyu suka mayar kowane a raminsa. Rani biyu ana haka.

Ke ma ba zan ƙyale ki ba. Kin kafa allo da Turanci a gonar mutumin da ba ya jin Turanci. Kin ce kada a sa komai, kin shiga mota. Kin taɓa zama kin gaya masa dalili? Kin taɓa leƙo mu da rani? Sai hatsi ya nuna mu gan ki da sikeli.

Na sauke nawa. Ki huta lafiya.
Gwaggonki Amina

Zariya, 12 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Gwaggo ta rubuto mini. Na koma ɗakin gwaji na sake duba ƙwayoyin halittar da muke ta mamaki, na tarar irin na tumbin saniya ne. Wata shida ina kallon kashin shanu ta madubin ɗakin gwaji ina kiransa sabon ilimi, ni da na tashi ina kwasarsa a kwando. Kunya ta hana ni shiga ofis, na ce musu zazzaɓi nake yi.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ina so in ji daga gare ka.

'Yarka,
Bushra

Bakori, 15 ga Maris

Zuwa ga 'yata Bushra,

Bayan sallama. Duk abin da Amina ta faɗa haka yake, ba ƙari. Shekara hamsin ina noma ban taɓa barin shuka da yunwa ina kallo ba. Na ɗauka kin hana takin buhu ne kawai, haka na gaya wa zuciyata. Amma in da gaske na yarda da haka, da ban mayar da turaku a ɓoye ba, kuma da kika zo awo kina murna da na buɗe baki. Na ji kunyar mutanen hanya, na ji kunyar Buba, ke ce ban ji kunyarki ba sai yanzu. Ubanki ya rasu ya bar mini ke amana, ga abin da na yi wa aikinki. Ki yafe mini.

Saura magana ɗaya. Ban da ke, mu uku ne muka san kan waɗanne turaku shanun suka kwana. Buba ya yi kudu da shanunsa, Amina ta ce ta gama nata, ni kuwa har kabari. In kin ga za ki je taronki yadda kika shirya, ba wanda zai ji daga Bakori.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri.
Baffanki mai laifi,
Maiwada

Zariya, 19 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Na yafe, ni ma ka yafe mini.

Yau da safe na karanta wa Farfesa takardarka. An cire sunana daga taron, aikin shekara uku kuma za a sake shi daga farko. Da na gama ya ɗauki waya ya fara kiran mutanen da ya yi wa albishir, ina tsaye.

Maganarka ta ƙarshe ban karanta masa ba, wannan tsakanina da kai ne. Amma ka sani, kwana uku takardar nan ta yi a jakata ina son in karɓi tayinka. Wannan ma ban gaya wa Farfesa ba, kai kaɗai na iya gaya wa.

Ka gaida Gwaggo. 'Yarka,
Bushra