Kada ka nemi dafa-dukar Mama

Dachung,

Na wuce aiki kana barci. Dafa-dukar da Mama ta yi, na juye ta a bola, babu wanda ya ci. Ganyen laurel na shingenmu ta tsinko ta zuba, wai ga ganyen bay mai ƙamsasa girki kyauta a ƙofar gida muna saye a kanti. Ba bay ba ne, ganyen nan guba ne! Shekara uku ina lallaɓa shingen nan, yanzu gefe guda ya yi sanƙo, masu jiran bas suna hango falonmu.

Na yi mata bayani, ta ce tana girki tun ba a haife ni ba. Kai ka gwada, mahaifiyarka ce.

Kuma ka duba akwatinta kafin ta koma Jos. Ta busar da ganyen cikin leda guda, tsarabar matan zumunta.

Kachollom